Sharhi: Kuɗin Baƙi da Gyaran Sojan Chadi

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka.

A ƙarshen Janairun 2025 sojojin Faransa suka miƙa sansanin Adji Kossei na nan N'Djamena, bayan sun bar Faya-Largeau da Abéché. Amurka ta riga su kwashe nata daga sansanin tun a 2024. Duk da haka masu zawarcin Chadi a fannin tsaro ba su ragu ba, ga Turkiyya, ga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ga Hungary. Kowa ya zo, horo ne da motoci da makamai a hannunsa. Da wuya ka ji wanda ya ce a kawo masa takardar albashi ya duba, alhali a nan gizo ke saƙa.

Gyaran soja daga ƙidaya yake farawa. Ayarin masu tantancewa ya bi bariki-bariki, kowane soja ya bayyana da ƙafarsa, a ɗauki zanen yatsunsa da hotonsa, a gwada igiya ko aninin da ke kafaɗarsa da takardar da ta ba shi muƙamin. Daga nan sunayen su wuce baitulmali, albashi ya faɗa asusun mai shi kai tsaye, a daina ɗaure shi a buhu ana miƙa wa kwamanda. Dalili kuwa a fili yake. A ce kwamanda na karɓar albashin mutum 600 alhali 400 ne a ƙasa, me zai sa ya kai rahoton wanda ya mutu ko ya gudu? Ranar da aka kawo hari, hedkwata na lissafi da 600, su kuwa 400 ne ke riƙe da bindiga. Wannan raba hanyar kuɗi da hanyar umarni shi ne aikin da Tarayyar Turai ta soma a Kwango Kinshasa daga 2005.

Mu ma an taɓa. A 2011 marigayi shugaban ƙasa Idriss Déby ya sa aka tantance sojoji a garin Moussoro, aka soke dubban sunaye. Sai dai ƙidaya ta rana ɗaya ba ta daɗewa. Muddin ba a shigar da kowane sabon kurtu, kowace mutuwa da kowace ritaya wata-wata ba, jerin zai sake cika da sunayen bogi. Na'urar ɗaukar yatsa tana son wuta da intanet, kwangilar kamfanin da ya kafa ta kuma takan ƙare tare da shirin mai ba da tallafi. Sojan da ke can duwatsun Tibesti a arewa ko tsibiran tafkin Chadi, ina bankin da zai je? Dole a tanadi biya ta wayar hannu, ko mai biya na baitulmali wanda ba ya ƙarƙashin kwamandan.

Bayan ƙidaya sai ragi, kuma a nan Chadi ta sha ɗaci. Tsakanin 1992 da 1997 an sallami sojoji kusan 27,000, galibi da kuɗin Faransa. An danƙa musu kuɗin sallama, suka cinye cikin ɗan lokaci. Shirin koya musu sana'a da Bankin Duniya ya tallafa daga baya kaɗan ya isa gare su. Wasu suka koma kaki ta bayan fage, wasu suka bi 'yan tawaye, wasu suka zama zargina masu tare hanya. Mutumin da ya shekara goma sha biyar bai san komai ba sai bindiga, fansho yake buƙata mai zuwa kowane wata, da gona ko jari, da wanda zai riƙa bin sawunsa. Masu tallafi kuwa ba sa son ɗaukar nauyin fansho, domin ba shi da ranar ƙarewa.

Ana sallama ta ƙofar gaba, ana ɗiba ta ƙofar baya. Kusan duk sulhun da aka yi da 'yan tawaye, ladansa shigar da mayaƙa cikin soja, sau da yawa da muƙaman da suka naɗa wa kansu a daji. Haka aka wayi gari da ɗaruruwan janar-janar. Yarjejeniyar Doha ta Agustan 2022 ma ta yi alkawarin kwance ɗamara da sake tsugunar da mayaƙa, kuma samun kuɗin aikin ya zama jan aiki.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a garin nan. Rundunar DGSSIE mai tsaron fadar shugaban ƙasa, wadda Mahamat Déby, ɗan marigayi Idriss Déby, ya jagoranta kafin 2021, ta fi sauran soja kayan aiki da gata nesa ba kusa ba. Baƙo in ya zo ba da horo, zaɓaɓɓu yake nema, don su ne za su ba shi sakamako da wuri. Na bakin daga kuwa, masu fafatawa da Boko Haram a yankin tafkin Chadi, a Bohoma an kashe kusan 100 a Maris ɗin 2020, a Barkaram kimanin 40 a Oktoban 2024. Mota mai sulke da aka kawo kyauta ba tare da bakanike da kayan gyara ba, taya ɗaya ko famfon mai ya isa ya kwantar da ita. Gobarar rumbun makamai ta unguwar Goudji a Yunin 2024, wadda ta ci rayuka, ta tuna mana aikin da babu mai yanka masa kirtani: a raba abin tayar da bam da jikin bam, a kare albarusai daga zafi, a rubuta shiga da fita, a nisanta rumbu da gidajen jama'a.

To me ya hana masu tallafin matsa lamba? Buƙata. Sojan Chadi ne ya shiga duwatsun arewacin Mali a 2013, kuma hedkwatar rundunar haɗin gwiwa ta yaƙi da Boko Haram a N'Djamena take. Shi ya sa da soja suka ɗora ɗan marigayi kan mulki a Afrilun 2021, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya zo jana'iza ya zauna kusa da shi, Tarayyar Afirka kuma ba ta dakatar da Chadi ba. Bankin Duniya ya gwada gindaya sharaɗi kan kuɗin fetur. A 2000 aka cire dala miliyan 4.5 daga miliyan 25 na farko aka sayi makamai, a 2008 bankin ya tattara nasa ya fice daga shirin.

Inda sharaɗi ya ci shi ne batun yara a soja. Gwamnati ta sa hannu kan shiri da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2011, aka bi barikoki ana tantance shekaru a 2013, aka cire sunan sojan Chadi daga jerin masu ɗaukar yara a 2014. Abu ne da ake iya dubawa da ido, kuma a lokacin gwamnati na son gurbinta a rundunar kiyaye zaman lafiya ta Mali.

Majalisar dokokin da aka zaɓa a Disamban 2024 ita ce ta farko da aka zaɓa tun 2011. Idan kasafin kuɗi ya zo gabanta, kwamitin tsaro na da hurumin neman adadin sojojin da ake biya, da kuma a rubuta kowace kyautar mota ko jirgi marar matuƙi tare da kuɗin kula da ita na shekara. In aka ce sirrin tsaro ne, ana iya rufe ƙofa a yi zaman, amma a ajiye takardun a gaban 'yan majalisa.