Shari'ar Bakassi: abin da kotu ta duba

Assalamu alaikum. Jama'a, kafin mu shiga Bakassi, yankin bakin teku da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa, ku riƙe lissafi ɗaya. A dokar teku ta 1982, mai gaɓa yana da mil 12 na ruwa a matsayin mallakinsa, sannan kifi da man da ke cikin mil 200 nasa ne. Saboda haka in kun ga ana jayayya a kan wani tsibiri mai laka da sauro, ruwan da ke gabansa ake hange.

Kamaru ce ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a 1994. Hujjar Najeriya ita ce zama. Mutanen wurin Efik ne da sauran masuntanmu, mu ke karɓar haraji, mu muka gina makarantu. Ta ƙara da cewa yarjejeniyar da Ingila ta yi a 1884 da sarakunan Tsohuwar Kalaba ta kariya ce kawai, don haka Ingila ba ta da ikon kyautar da ƙasar.

Kamaru kuwa takarda ta ɗauko, wato yarjejeniyar 11 ga Maris, 1913, tsakanin Ingila da Jamus (mai mulkin Kamaru a lokacin), wadda ta sa kogin Akwayafe ya zama iyaka. Ku dubi wayon Turawan nan: har suka rubuta cewa ko kogin ya sauya hanya, Bakassi tana nan ta Jamus. Sai kuma sanarwar Marwa ta 1975 a kan iyakar ruwa, da sa hannun Gowon da Ahidjo, shugaban Kamaru na lokacin. Najeriya ta ce majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da ita ba. Kotu ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya wadatar. A ganina a nan shari'ar ta karye.

Ƙa'idar ita ce, in akwai takardar mallaka, daɗewar zama ba ya kayar da ita. Aro ko ya shekara ɗari, sunansa aro. Haka aka yi a Darak ta tafkin Chadi, inda masunta, da Hausawa a cikinsu, suka bi ruwa yana janyewa har suka kafa ƙauyuka a ɓangaren Kamaru.

Hukunci ya fito ranar 10 ga Oktoba, 2002, ya ba Kamaru Bakassi. Obasanjo da Shugaba Biya na Kamaru suka sa hannu a yarjejeniyar miƙawa a Greentree da ke Amurka a 2006, aka kammala miƙa Bakassi ranar 14 ga Agusta, 2008. Mai tambaya ya ɗaga hannu.