Mun kama hayar maki a Orlando kafin mu yanke shawarar saye

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'a masu kallo, barkanmu da asuba. Ina magana da ku ne daga barandar wani masauki da ake kira Kidani Village, a cikin harabar Walt Disney World, wato babban wurin shaƙatawa da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida, kuma idan na ɗan kauce daga gaban kyamara za ku hango raƙuman dawa biyu suna miƙa wuya cikin bishiya, da wasu jakunan dawa can gefen katanga. Yau ne kwananmu na bakwai a nan, yara suna barci, maiɗakina tana ɗaure kaya, shi ya sa na sassauta murya. Na yi muku alkawarin cewa idan muka gama wannan gwaji na zaman haya zan faɗa muku gaskiyar abin da na gani game da sayen rabo a irin wannan masauki, to ga ni na zo cika alkawari.

Bari na fara da bayanin tsarin, domin ni kaina sai da na yi makonni kafin na gane shi. Idan kun san watanda, inda mutanen unguwa suke haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya a raba nama kashi-kashi, to kun gane rabin maganar, sai dai a nan kwanakin shekara ake rabawa a cikin gini ɗaya. Kamfanin Disney ya fara nasa tsarin a 1991 da sunan Disney Vacation Club, kuma masaukinsa na farko shi ne wanda a yau ake kira Old Key West. Wanda ya saya yana samun takardar mallaka da adadin maki da ake zuba masa duk shekara, da makin ne yake kama ɗaki. Kowane dare yana da farashinsa na maki gwargwadon girman ɗakin da abin da tagarsa take kallo da kuma lokacin shekara, don haka daren Juma'a a hutun Kirsimeti ya fi daren Talata a watan Satumba cin maki nesa ba kusa ba. Mai makin da ba zai yi amfani da nasa ba a wata shekara yana iya kama ɗaki da sunan wani, ya karɓi kuɗi, kuma ta wannan ƙofa muka shigo.

Dalilin da ya sa na zaɓi haya shi ne tun yarinta na ji manya suna hana cinikin biri a sama. Wani abokin aikina a Atlanta ya shekara yana yi mini tallar tsarin nan, yana nuna mini hotunan iyalinsa, har na fara lissafi a bayan takardar albashi. Maiɗakina ce ta ce, "Maigida, kafin ka ɗaura mana igiyar shekara talatin, mu je mu kwana a wurin tukuna." Na nemi wani kamfanin dillalai a intanet, daga cikin waɗanda suke haɗa masu maki da masu neman haya suna cin la'adarsu a tsakani, na ba su ranakun da muke so a watan Agusta, bayan kwana biyu suka samo mana wani mai maki da ban taɓa gani ba kuma har yanzu ban san fuskarsa ba. Kuɗin da na biya ya yi ƙasa sosai da abin da za a caje ni da na kama wannan ɗaki kai tsaye, amma sharaɗin yana da tsauri, domin an rubuta ƙarara cewa kuɗi ba ya dawowa ko da tafiyar ta fasa.

A nan na fara ɗanɗana raunin haya. Da takardar tabbaci ta iso, sai na ga an yi kuskuren harafi ɗaya a sunan maiɗakina, kuma ni ba ni da ikon gyarawa, tunda ajiyar ɗakin tana hannun mai makin ne, shi kaɗai ake saurara. Na rubuta wa dillalai, su suka rubuta masa, shi kuma ashe ya yi tafiya, sai da muka yi kwana huɗu ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa kafin a gyara. Babu wanda ya cuce ni, amma cikin kwanakin nan na gane cewa ɗan haya yana tafiya ne a kan amanar wani baƙo, wanda idan ya ga dama ko ya shiga matsala da kuɗin da ake bin sa, kai ne za ka kwana a ciki. Duk wanda zai bi wannan hanya ya nemi yarjejeniya a rubuce, ya kuma tabbatar da lambar ajiyar ta bayyana a manhajar Disney da sunansa kafin ya saki sauran kuɗinsa.

Yanzu bari na shiga da ku ciki a hankali ku ga ɗakin. Wannan shi ne mai ɗakin kwana ɗaya da falo, yana ɗaukar mutum biyar, wato daidai mu, kuma yana da banɗaki biyu, abin da duk mai 'ya'ya uku zai san darajarsa da safe. Ga injin wanki da na busarwa a bayan wannan ƙofa. Ga kuma abin da ya fi komai burge uwargida, wato cikakken kicin mai murhu da tanda da babban firiji da tukwane. Mun taho da mota ne daga Atlanta, tafiyar kusan awa bakwai, shi ya sa muka cika kula da naman da muka saya a mahautar halal ta unguwarmu, muka ɗauko garin tuwo da kuka da daddawa da yaji. Ranar da muka iso, bayan isha'i, ƙamshin miyar kuka ya cika falon nan, ƙaramin ɗana yana zaune a ƙasa da malmalarsa yana leƙen duhun baranda ko zai ga dabba. Ga iyalin da ba kowane nama suke ci ba, kuma ba su da aljihun ciyar da mutum biyar sau uku a gidajen abincin wurin shaƙatawa, wannan kicin ya rage mana kashe kuɗi da fargaba a lokaci guda. Abin da ban sani ba sai da na zo shi ne masu zama da maki ba a gyara musu ɗaki kullum kamar otal, sai a kwana na huɗu ake kawo sabbin tawul. Kuskurena ne da ban karanta ba, na zauna ina jiran mai shara har maiɗakina ta miƙo mini tsintsiya tana dariya.

An gina masaukin nan ne da salon Afirka, an buɗe wannan ɓangare a 2009, kuma kalmar Kidani a harshen Suwahili tana nufin abin wuya. Afirkar da suka fi kwaikwayo ta gabas ce da kudu, don haka da 'yata ta tambaye ni ko haka Katsina take, sai na ce mata a'a, raƙuman dawan yankinmu da suka rage suna can wajen Kure a Jamhuriyar Nijar, ba nisa da Yamai. Amma da shanun Ankole masu dogayen ƙahoni suka wuto ƙarƙashin baranda da yamma, wallahi sai na tuna jajayen shanun Bororo suna ƙetare hanyar ƙauyenmu, na yi shiru na ɗan lokaci. Na faɗi wannan ne domin ku san cewa wurin yana kama zuciya, kuma a daidai lokacin da zuciya ta kamu ne mutum yake sa hannu a takardar da bai gama karantawa ba.

Akwai abubuwa biyu da zama ya koya mini waɗanda hoto ba ya nunawa. Na farko, masaukin yana can gefen harabar ne, kusa da lambun dabbobi na Animal Kingdom, don haka zuwa wuraren wasa irin su Magic Kingdom ko Epcot sai da bas ko mota, kuma da yara uku a zafin Agusta, ga hadarin da yake haɗuwa kusan kowace la'asar, komawa ɗaki don sallah da hutu yana cin lokaci mai yawa. Na biyu, maki kuɗin ɗaki kawai yake biya. Tikitin shiga wuraren wasan daban ake sayensa, kuma ga mutum biyar shi ne ya fi komai nauyi a tafiyar.

To mu zo kan lissafin saye, wanda na yi dare biyu ina yi a kan wannan tebur. Bayan dunƙulen kuɗin da za ka biya da farko, akwai kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara a kan kowane maki, ko ka zo ko ba ka zo ba, kuma a bisa al'ada hawa yake yi. Mu ƙaddara mutum ya sayi maki 150, mu kuma ƙaddara kuɗin kulawar dala 10 ne a kan kowane maki don sauƙin lissafi, ka ga dala 1,500 ke nan duk shekara kafin ya sayi tikiti ko ya zuba mai a mota. Sannan mallakar tana da ranar ƙarewa. Ta wannan masauki za ta ƙare a 2057, ta wasu tsofaffin masaukan kamar BoardWalk da Beach Club a 2042, ta Riviera kuma a 2070. Kana iya sayarwa ko ka bar wa magada kafin wa'adin, amma ranar da ya cika, takardar ta zama tarihi. Mu da muka taso muna ganin fili ko gona suna wucewa daga kaka zuwa jika, dole mu cire wannan hoto daga kai, mu ɗauki abin a matsayin biyan kuɗin hutun shekaru masu yawa tun gaba.

Akwai kasuwar na hannu, inda farashi ya fi sauƙi, sai dai kamfanin Disney yana da haƙƙi irin na shuf'a da muka sani a fiƙihu, wato idan mai saye da mai sayarwa suka daidaita, yana iya shigowa ya karɓe a wannan farashin. Tun daga 2019 kuma, wanda ya sayi na hannu a tsofaffin masaukai ba zai yi amfani da makinsa a Riviera da sabbin masaukan da aka buɗe bayanta ba, wanda ya sayi na hannu a Riviera kuwa a can kaɗai zai kwana. Dokar Fulorida ta ba mai sayen irin wannan mallaka kwana 10 ya janye bayan sa hannu, kuma ya kamata kowa ya riƙe wannan. Batun saye da bashi ban ma buɗe shi ba, domin bashin yana da ruwa, ni kuma ba na shiga.

Duk wannan lissafi da zan iya jure shi. Abin da ya tsayar da ni shi ne kalanda. Mai mallaka yana da damar kama ɗaki a masaukinsa tun saura wata 11, a sauran masaukan kuma tun saura wata 7, kuma ɗakunan da ake rububi, irin wannan mai kallon dabbobi a lokacin hutun makaranta, waɗanda suka shirya da wuri ne suke samu. Tsarin an yi shi ne domin iyalin da suka san inda za su kasance baɗi war haka. Ni hutuna mako uku ne a shekara, kuma ba ni kaɗai nake da iko da shi ba. Azumi da sallah suna matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, bikin ƙanne a gida ana sanar da ni ne saura wata biyu, Hajiya kuma ta manyanta, duk ranar da waya ta yi ƙara da tsakar dare gabana faɗuwa yake yi. Shekaranjiya ma ina tsaye a wannan baranda ta kira, bayan gaisuwa ta ce, "Yaushe za ka kawo mini jikokina?" Na rasa amsar da zan ba ta ina kallon raƙumin dawan Amurka.

Don adalci, tsarin yana da sassauci. Ana iya ajiye makin bana zuwa baɗi, ana iya aro daga na shekara mai zuwa, har mutum ya haɗa na shekara uku a tafiya ɗaya, kuma maiɗakina ta kawo wannan hujja da ƙarfinta, ta ce mu sayi ɗan kaɗan mu riƙa zuwa bayan shekara biyu ko uku, shekarar da muka tafi gida kuma mu ba da haya. Maganarta tana da ma'ana, kuma ga wanda iyayensa da danginsa suke nan ƙasar, yake zuwa Orlando duk shekara, yake da kuɗinsa a hannu, ina ganin sayen zai iya biyan kansa. Amma idan na bi shawararta, ni ne zan koma wancan baƙon da ɗan haya yake jira kwana huɗu, ina Katsina ina neman sabis don gyara harafi a sunan matar wani. Kuɗin da za a zuba a farko kuma su ne dai waɗanda muka ware don rufin gidan da muka fara a gida, wanda damina biyu ke nan tana dukan bulo.

Saboda haka mun tsaya a kan cewa ba za mu saya ba a yanzu. Idan Allah ya kai mu shekara biyu masu zuwa, yara suka matsa, za mu sake kama haya, wataƙila a Saratoga Springs ko Old Key West domin mu gwada wani gefen harabar, kuma wannan karon zan karanta kowane layi kafin na biya. Babbar 'yata ba ta ji daɗin hukuncin ba, ta ce ita idan ta fara aiki za ta saya, na ce Allah ya nuna mana. Ga maiɗakina can tana yi mini alama cewa ƙarfe goma sha ɗaya ake sallamar ɗaki, ga sauran miya a firiji da za a juye a kula, ga kuma awa bakwai a gabanmu. Bari na tashi yaran su yi sallama da raƙuman, sai mun haɗu a Atlanta, wassalamu alaikum.