Fata ta warke, amma ƙashin ƙirji bai haɗe ba tukuna

A 'yan kwanakin nan wata magana tana yawo a majalisu, daga unguwar Nima har Sabon Zango a Accra, wai duk wanda aka yi wa tiyatar zuciya, idan ya kai wata biyu ƙirjinsa na ciwo, to aikin bai yi ba. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma tana tayar wa majinyata hankali ba gaira ba dalili.

A nan Accra, galibi a Cibiyar Tiyatar Zuciya da Ƙirji ta Ƙasa da ke Korle Bu ake yin aikin, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989. Majinyaci yakan yi kwana ɗaya ko biyu a sashen kulawa ta musamman, ya koma ɗakin jinya, kuma idan komai ya tafi daidai, a sallame shi cikin mako guda zuwa kwana 10.

Yanzu ku dubi yadda ake yin aikin. Kafin likita ya isa ga zuciya, sai ya tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji daga sama zuwa ƙasa, ya buɗa haƙarƙari gefe da gefe. Idan ya kammala, sai ya ɗaure ƙashin da wayoyin ƙarfe marasa tsatsa, ya ɗinke fata a kai. Fatar takan rufe cikin mako biyu ko uku, 'yan dubiya su ga tabo ya bushe su ce jiki ya yi sauƙi, alhali ƙashin da ke ƙarƙashi yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, ƙarfinsa kuwa yakan kai wata uku bai gama dawowa ba. Wanda ya karye a ƙafa ana yi masa ɗori a hana wurin motsi, amma ƙirji yana motsawa da kowane numfashi, da tari, da atishawa.

Shi ya sa ake hana ɗaukar abin da ya wuce kilo 5. Jarkar ruwa mai lita 25 ta ninka wannan sau biyar. Babu dakan sakwara, babu ciccibar jika, babu tuƙi har mako 4 zuwa 6, kuma a guji tsayuwa a ƙofar tirotiro, wato ƙaramar motar haya, ana riƙe ƙarfe da hannu ɗaya. Idan tari ya zo, a rungume matashin kai a ƙirji. Abin da ya fi damuna shi ne iyayenmu mata, waɗanda kunya ke sa su tashi su kama aikin gida da wuri, da dattawan da ke dafa ƙasa da hannu don tasowa daga sujada, alhali addini ya ba mara lafiya damar yin salla a zaune.

Ciwon kafaɗa da na baya, da sukar da ke zuwa ta wuce, da wurin da ya yi kamar ya mutu a gefen hagu na ƙirji, da kumburin ƙafar da aka ciro jijiyar jini daga gare ta don dasawa a zuciya, duk sanannu ne, kuma wasu sukan ɗauki watanni kafin su lafa. Tafiyar ƙasa kullum, ana ƙara nisa sannu a hankali, tana taimakawa ƙwarai.

Amma idan zazzaɓi ya taso, ko tabon ya yi ja yana fitar da mugunya, ko ana jin ƙashin yana ƙara kas-kas, ko numfashi yana sarƙewa, kada a jira ranar da likita ya sa, a koma asibiti nan take. Wanda kuma aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, yake shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kada ya saya wa kansa maganin rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen a kantin magani, kada kuma ya sha sassaƙe ko jiƙo sai ya tambayi likitansa, domin haɗa su da wannan magani yana iya jawo zubar jini.