Gonakin Gezawa da riyal ɗin da muke aikawa gida

Jama'ar Gezawa mazauna Jidda, rahoton kuɗin ƙungiyarmu ya ɗan jira, akwai abin da ya fi shi damuna. Ɗan'uwanmu, ga shi nan zaune, an kira shi daga Jogana, can ƙasar Gezawa. Dillalai sun taya gonar mahaifinsu, za a yi mata awon igiya a yanka fulotai. Magada duk sun amince, shi kaɗai ya ƙi. Sun ba shi zuwa bayan girbi: ko ya sayi kasonsu, ko a sayar.

To wa ke sayen fulotan nan? Mu ne, jama'a! Mu da ke zaune a Jidda. Mutum ya tara riyal, ya aika a saya masa fili, a zagaye da bulo, a bar shi ciyawa na cinsa. Ba gida, ba gona. A da daga Yankaba ka doshi hanyar Haɗeja dawa da gero ne ke raka ka har gida. Ƙasar nan kakanninmu suka yi ta ɗauko mata taki daga birni a kan jakai, suna nomanta duk shekara ba hutu, ba ta gaza ba. Ita muke binnewa da siminti, babu magudanar ruwa, babu hanyar da motar asibiti za ta shiga.

Alhali birnin Kano cike yake da kangaye. Ku zaga Bompai da Sharaɗa ku ƙirga masana'antun da aka rufe. A cikin ganuwa ma ga gidajen gado sun rufta, magada sun kasa daidaitawa. Can akwai titi, akwai turakun wuta. Na sani kango ya fi fili tsada, takardunsa kuma sai an bi a hankali, amma mutum huɗu in sun haɗa kuɗi za su iya. Kuma dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta sa ƙasa, takardar dillali ba ta hana rusau.

Rahoto a taƙaice: kuɗin makaranta na marayu ya isa, na rijiya bai cika ba, da yawanku ba ku biya na wata ba.

Da kowa ya biya, da yau mun ranta wa ɗan'uwanmu ya fanshi gonar. Wallahi ina jin kunyar a ce Gezawa da gero sai mun saya a Dawanau. Ma'aji na bakin ƙofa da littafi. Don Allah kada wanda ya fita bai rubuta abin da zai bayar ba.