Da Ƙafa a Lungunan Fas, Garin Mai Ajurumiyya

An gabatar da wannan lacca ga ɗalibai Hausawa a Madina bayan sallar Isha'i. An rubuto ta daga faifan murya, an ɗan rage maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Malamaina da ke sahun gaba, Allah ya gafarta muku. 'Yan'uwana ɗalibai, assalamu alaikum.

An ce in ba ku labarin zuwana birnin Fas na ƙasar Maroko. Bari in fara da tambaya. Wa ya karanta Ajurumiyya, ɗan littafin nan na nahawun Larabci, a gida kafin ya zo nan? To, ga hannuwa nan, kusan duk ɗakin. Mai wannan littafi, Muhammadu ɗan Ajurrum Assanhaji, mutumin Fas ne. Can ya karantar, can ya rasu a shekara ta 723 bayan hijira, wato 1323, kuma an ruwaito cewa a Makka ya rubuta shi yana fuskantar Ka'aba. Ni a zaure na hardace shi, a kan buzu, ina yaro, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa wannan bawan Allah yana da gari, yana da unguwa, yana da ƙofar da yake fitowa ya tafi masallaci. Sunansa kawai muke ji ana yi masa addu'a. Son ganin garin nan ne ya ɗaga ni.

Tsohon birnin, wanda suke kira Fas Albali, mota ba ta shigarsa. Ƙafa ce, sai jaki da alfadari. Mutanen garin suna cewa lungunansu sun haura 9,000, kuma wani lungun idan ka miƙe hannuwa biyu za ka taɓa bango dama da hagu. Da ka ji an ce "balak, balak" daga baya, to manne da bango, alfadari ne tafe da kaya. Taswirar waya kuwa, da ka kurɗa ciki sai ta rikice. Ranar farko wani saurayi ya liƙe mini ya ce zai kai ni masallaci, sau uku yana tsayar da ni a shagon darduma, don in na saya yana da kamasho. Yinin nan ya tafi a banza. Washegari sai na nemi ɗan jagora mai lasisi, wanda ke rataye da katin shaida na hukuma, muka yi ciniki tun a ƙofa: ni da shi kaɗai, ba shiga shago, kuma inda na tsaya a nan za mu tsaya. Na ce masa ni almajiri ne, wuraren karatu na zo gani. Dattijo ne, ya yi murmushi ya ce to mun zama ɗaya. Wannan ita ce fa'idar jagora naka na kanka. Ayarin masu yawon buɗe ido na wuce mu, mutum talatin a bayan mai riƙe da tuta, a ba su minti biyar su ɗauki hoto a yi gaba. Ni kuwa na yi fiye da rabin awa a ɗaki guda ba wanda ya ce mini taso.

Mun faro daga ƙofar Bab Bujlud, mai shuɗi ta waje, kore ta ciki. Ya ce kada kyanta ya ruɗe ni, a 1913 aka gina ta, jaririya ce a garin. Ya nuna mini maƙabartar da ke wajen ganuwa ta ɓangaren Bab Mahruƙ, inda aka binne Alƙali Abubakar ɗan Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, wanda ya rasu a 543 bayan hijira. Muka yi masa addu'a, muka kama gangara ta hanyar da ake kira Ɗala'a Kabira.

Ba mu yi nisa ba sai ga makarantar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan na gidan sarautar Banu Marin ya gina tsakanin 1350 da 1355. Daura da ita, a jikin bango can sama, akwai ragowar agogon ruwa na 1357, mai tagogi 12, wanda a da ake jera masa tasoshin tagulla a ƙarƙashinsu don sanar da sa'o'i. Ku dubi yadda suka ɗauki lokacin salla da lokacin darasi. A fadar wannan sarki ne Ibnu Khaldun ya yi aikin magatakarda yana saurayi.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne makarantar Aɗɗarin, a bakin kasuwar turare da kayan yaji, wadda Sarki Abu Sa'id Usmanu ya gina daga 1323 zuwa 1325. Tsakar gidan kowa yana yabawa, kuma ta cancanta: ƙananan tayil masu launi an jera su ɗaya bayan ɗaya, sama da su rubutun ayoyi an sassaƙa a jikin farin gini, sama da wannan kuma katako ne mai sassaƙa, ga kwarmin ruwa na marmara a tsakiya. Sai jagorana ya ce mu hau bene. Matakalar ƙunci gare ta, sai ka sunkuya. A sama ɗakunan ɗalibai ne, ba ado ko kaɗan. Na shiga ɗaya na zauna a ƙasa. Tabarma biyu sun cika shi. Taga 'yar ƙarama ce, haskenta bai fi ya sauka a kan shafi ɗaya ba. Ya ce yaron da ya taso daga ƙauye ko daga bayan duwatsu, a nan zai sauka, ya shekara da shekaru, ɗakin kyauta, kuma kullum yana da gurasa daga dukiyar wakafi, abin da su suke kira hubus. Ina zaune a wurin sai na tuna sakan ɗinmu na nan, wato masaukin ɗalibai, na tuna mukafa'a, kuɗin tallafin da ke shigowa ƙarshen wata, hawaye suka zo mini. Wallahi 'yan'uwa, ba a taɓa yin malami ba sai da wani ya ɗauki nauyin cikinsa.

Da muka sauko sai na fara kallon kasuwar da wani ido. Jagorana yana nuna mini shago ya ce irin wannan hayarsa ta masallaci ce, irin wancan gidan wanka ko gidan gasa burodi kuɗinsa na makaranta ne. Muka ci karo da wata yarinya ɗauke da faranti a ka, curin ƙullu an rufe da ƙyalle, za ta kai gidan gashi na unguwa. Mai sayar da barkono da ya biya haya, ya sa hannu a nahawun da ake karantawa a bayan bangonsa ko bai sani ba. A nan na gane abin da ake nufi idan an ce garin ilmi. Da na zo ina neman jami'a mai katanga da babbar ƙofa, kamar tamu da aka kafa a nan Madina a 1961. Sai na tarar garin ne gaba ɗaya ke ɗauke da karatun.

Taku kaɗan daga nan sai masallacin Ƙarawiyyin. Idan ba a nuna maka ba za ka iya wuce shi, domin gidaje da shaguna sun rungume shi ta ko'ina, sai dai ka ga ƙofa a buɗe ka hangi ginshiƙai farare sun tafi iya ganinka. Tarihin da aka gada ya ce wata baiwar Allah ce, Faɗima Alfihiriyya, 'yar wani attajiri da suka yi ƙaura daga Ƙairawan ta Tunisiya, ta sa gadonta ta gina shi a shekara ta 245 bayan hijira, wato 859. 'Yar'uwarta Maryama kuma ta gina masallacin Andalus a ƙetaren kogi. Hasumiyar da ke tsaye yau an gina ta a 956, sarakunan Murabiɗai suka faɗaɗa masallacin zamanin Aliyu ɗan Yusufu, daga 1134 zuwa 1143, har ana cewa yana ɗaukar masallata wajen 20,000. Za ku ji ana cewa ita ce jami'a mafi tsufa a duniya da ba ta taɓa rufewa ba, ta girmi Azhar, ta girmi ta Bolonya ta Italiya. Wasu masana tarihi suna ja, suna cewa a matsayin masallaci ta fara, karatun daga baya ya bunƙasa, kuma sai 1963 ta shiga tsarin jami'o'in gwamnati. Ni wannan gardamar ba ta dame ni ba. Abin da ya kama zuciyata shi ne tsarin karatun, domin namu ne sak: malami ya jingina da ginshiƙi a kan kujerarsa, ɗalibai sun kewaye shi, ɗaya yana jan baƙi, malam yana fassara yana warwarewa, in ka sauke littafi ya ba ka ijaza, wato izinin karantar da shi. Kowace kujera kuma da wakafin da ke riƙe da ita.

Ɗakin littattafan yana gefe, Abu Inan ne ya kafa shi a 1349, kuma a cikin taskarsa akwai kwafin littafin tarihin Ibnu Khaldun wanda shi da kansa ya ba da wakafi. Ƙofarsa tana kallon dandalin Saffarin, unguwar maƙeran tagulla. Ƙwanƙwasar guduma ba ta tsayawa, wani yana buga tukunyar da yaro zai iya shiga ciki ya zauna, ƙarar tana shiga har ƙashi. Na tambayi jagorana yadda mutum zai yi muɗala'a, wato nazarin littafi, a wannan hayaniya. Ya nuna mini wata ƙofa a dandalin, ya ce makarantar Saffarin ke nan, ta 1271, wadda ta riga sauran na Banu Marin, kuma a cikinta Shehu Jazuli mai Dala'ilu ya zauna yana ɗalibi. Bai ƙara komai ba.

Daga nan wari ya sanar da ni mun kusa majema. A majemar Shuwara ana miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya riƙa shaƙa. Ni ban buƙata ba, duk wanda ya san majemar Kano ko ta Sakkwato ya san warin nan. Rijiyoyi ne jere, ana jiƙa fata a farar ƙasa da kashin tattabara, sannan a rina. Na faɗa wa jagorana cewa fatar jan akuyarmu ta Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, Turawa su saya daga Arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko. Wannan karon shi ya tsaya yana saurare. Hanyar da fata ta bi ta hau, ita littattafai suka biyo suka sauko. Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Liyo na Afirka, ɗalibin Fas ne, kuma a rubutunsa na ƙarni na 16 ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zazzau. Ba nisa da wurin akwai zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, a bakin ƙofarta ma na ji ana gaisawa da Hausa.

Magariba ta same mu a wani ƙaramin masallacin unguwa. Da aka sallame sai jama'a suka yi da'ira suka fara karanta hizbin ranar da murya ɗaya. Ina jin baƙin farko na san ƙira'ar Warshu ce. Wani tsoho ya miƙo mini Alƙur'ani, na buɗe, ga fa da ɗigonta a ƙasa, ga ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar yadda alaramma ya rubuta mini a allo ina ɗan shekara shida. Na bi su ba tuntuɓe.

To yanzu ku dubi inda muke zaune. Warshu a wurin wa ya ɗauki karatu? Wurin Nafi'u, mai karantar da mutanen Madina, wanda ya rasu a 169 bayan hijira. Fiƙihun da ake karantarwa a Ƙarawiyyin na wane ne? Na Imamu Maliku, wanda ya karantar a masallacin Annabi na nan Madina, ya rasu a 179, yana kwance a Baƙi'a, tafiyar 'yan mintoci daga ƙofar Harami, wato masallacin Annabi. Daga nan karatun ya tashi, ya bi ta Masar da Ƙairawan da Andalus, ya zauna a Fas, ya ƙetara hamada ya iso zaurukanmu. Mu kuma Allah ya dawo da mu mafarinsa. Amma abin da ke ci mini rai, sai ɗalibi ya yi shekara huɗu a garin nan bai san komai ba sai tagar bas, daga sakan zuwa kulliya, wato tsangayarsa a jami'a, daga kulliya zuwa Harami. Tambaye shi ina ɗakin littattafan Arif Hikmat yake a da, wanda aka yi wakafinsa a kudancin masallaci tun zamanin Usmaniyya, sai ya yi shiru. Tashar jirgin ƙasan Hijaz da ke Ambariyya, wadda jirgi ya iso a 1908, wani bai taɓa taka ta ba.

Wani ɗan'uwa ya aiko da takarda yana tambaya, ɗalibin da ba shi da kuɗin jirgi zuwa Maroko fa? Ɗan'uwa, ba sai ka je ba tukuna. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana zuwa Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Hanyar masu tafiya a ƙasa tana nan an gyara ta, wajen kilomita 3 ce daga Harami. Akwai dattawanmu Hausawa da aka haifa a garin nan, sun san unguwannin da faɗaɗa masallaci ya cinye, sun san abin da ke wurin kafin a kafa otal. Na roƙi ɗaya daga cikinsu, Baba ya amsa zai yi mana jagora. Asabar mai zuwa bayan sallar Asuba mu haɗu a gaban masallacin Gamama. Kada mu wuce mutum goma don kowa ya ji muryarsa, sauran sai mako na gaba. Kowa ya zo da alwalarsa, da takalmi mai daɗin tafiya, da ɗan littafin rubutu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.