Waƙar Lahira a Gidan Gem: A Yi Kashi na Biyu Ko a Bari?

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa ɗalibai a Birnin Kebbi.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su: mai waƙar, wasan bidiyon da aka ƙera daga waƙar, sai gardamar ko a yi wa wasan kashi na biyu.

Na farko, mai waƙar. Dante Alighieri mutumin Fulorans ne a Italiya, an haife shi a 1265, ya mutu a Rabenna a 1321 bayan an kore shi daga garinsu. Ya yi doguwar waƙa mai suna Divine Comedy, ta tafiyarsa cikin lahira, babi 100, baiti sama da 14,000, kashi uku: Wuta, sai Dutsen Tsarkakewa bisa aƙidar Katolika, sai Aljanna. Tun yanzu in faɗa muku, a babi na 28 na kashin Wuta ya ci zarafin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da Sayyidina Aliyu. Wannan ba mu yarda da shi ba, ba kuma za mu taɓa yarda ba. Amma mutumin nan kuma shi ne ya ambaci Ibn Sina da Ibn Rushd da Salahuddin cikin manyan mutane. Har wani malami ɗan Sifen, Asin Palasiyos, ya rubuta a 1919 cewa tsarin tafiyar nan yana da alaƙa da labaran Isra'i da Mi'iraji. Masana na ta ja-in-ja a kai har yau. Wannan lacca ce guda, mu bar ta.

To wasan. A 2010 kamfanin Electronic Arts ya fitar da Dante's Inferno, wanda Visceral Games suka ƙera, a PlayStation 3 da Xbox 360. Kai mai jar hula, na ga ka gyara zama, ka buga ke nan. Me suka yi? Suka ɗauki mawaƙi suka mai da shi barde, wai ya dawo daga yaƙin 'yan Salibiyya na uku, yaƙin da aka yi tun ba a haifi Dante ba. Suka ba shi ƙaton lauje, wai ya ƙwace daga hannun Mutuwa. Biyatiris kuwa, matar da Dante yake ƙauna, wadda a waƙar ita ce ta aika a cece shi, a wasan ita aka sace, shi zai je ya ceto ta. Kun ga an juya kwaɓa gaba ɗaya.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Ku bar ni in tsaya a nan, don nan maganar take.

A cikin wasan, in ka tarar da wani rai da ake azabtarwa, sai a ba ka zaɓi. Danna nan ka hukunta shi, danna can ka yafe masa. Ko wanne ka zaɓa akwai maki. Ku sake ji: kai ne mai hukunci. Yaro ɗan shekara goma sha biyar, yana zaune kan benci a gidan gem, janareta na ruri a waje, abokai na ihu a bayansa "kashe shi, kashe shi", shi ne ke yanke wa ya cancanci gafara. Jama'a, waƙar wa'azi ba haka take aiki ba, ko ta Kirista ko tamu. A waƙar, da Dante ya saurari labarin wata mata a babi na 5, tausayi ya kama shi har ya faɗi sumamme. Sumewa ya yi! Ba lauje, ba maki. Ya shiga yana tsoro, sai jagoransa Birjil ya riƙa riƙe shi.

Ku dawo gida ku gani. Wa ya taɓa jin tsohuwa na rera waƙar tsoratarwa da asuba tana sharar tsakar gida? Muryarta rawa take. Me ya sa? Don ta san da ita ake. Tabbat Haƙiƙa da Shehu Usmanu ya yi da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa, ana lissafo mai zalunci, mai cin amana, mai tauye mudu, kana ji kana laluben kanka, ko ina ciki? Infirajin Aliyu Namangi da makafi ke rerawa a kasuwa ma haka. Kai ne ake tuhuma. Ba wanda ya taɓa sauraron waɗannan waƙoƙi ya tashi yana jin shi ne alƙali. Wasa kuwa ba ya sayuwa sai ya sa ka ji kai ne gwarzo. Ya zama dole, ba mugunta ce ta masu ƙera shi ba. Wanda ya biya kuɗinsa nasara yake so. To waƙar da aka yi don ta karya girman kai, an ɗora ta kan na'urar da aikinta ke nan ta ƙara maka shi. Kai ne mai hukunci. Wannan kalma ta tsaya mini a rai.

Lokaci na tafiya. Na uku, gardamar. Wasan ya ƙare da jarumin yana gindin Dutsen Tsarkakewa, aka rubuta za a ci gaba, irin na finafinanmu na Kano. Kashi na biyu bai fito ba, Visceral ma an rufe shi a 2017. Masu son a yi kashi na biyu suna cewa wasan ya sa matasa da yawa sun nemi littafin, kuma wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Ni dai tambayata, wa za ka sara a kan dutsen? Hawa bakwai ne, kuma waɗanda ke can masu tuba ne. Masu girman kai na ɗauke da duwatsu a wuya sun duƙa. Masu hassada an ɗinke musu ido da waya. Mala'ika ya zana wa Dante alama bakwai a goshi, kowane hawa a goge ɗaya. Haƙuri ne da addu'a da jira. In ka zuba dodanni don a samu abin duka, ka bar waƙar. In ka bar shi yadda yake, mai jar hula zai ajiye ya koma ƙwallo. (Dariya.)

Na'am, 'yar'uwa, a miƙa mata abin magana.

(Tambaya: Malam, ni ina karantar kwamfuta ne. In mu muka ƙera wasa daga namu waƙoƙin fa?)

Allah ya yi miki albarka. Hukuncin shari'a ki kai wa malaman fiƙihu, su ne masu shi. Amma ra'ayina, kada ki zana Siraɗi, kada ki zana Mizani ko mala'iku. Gaibu ne, kuma in yaro ya faɗi daga Siraɗi ya danna ya sake gwadawa, kin koya masa kishiyar abin da waƙar ke faɗa. Ki duba wajen masu ɗauke da waƙar. Nana Asma'u ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'yan taru, ƙungiyar karantar da mata. Jaji, wato shugabar matan, ta sa malfa, ta tattaro mata daga ƙauyuka, su yi tafiya a ƙasa, su haddace baitoci, su koma su koyar. Ga hanya, ga rafi a damina, ga guzuri da zai iya ƙarewa, ga baiti da za ki mayar gida ba ki ɓata ko wasali ba. Kowane zango a buɗe miki harafin ajami. Wannan ai wasa ne cikakke! Gwandu ga ta nan kusa, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna kuma yake kwance. Ki je da waya ki naɗi muryoyin tsofaffi, da izininsu, don karin waƙar a bakinsu yake, takarda ba ta riƙe shi. Ku nawa ne a ajinku masu iya zane? Ku ɗaga hannu in gani. To ku tsaya bayan an tashi, ku da ita. Ga ladan ya fara, mu je salla.