Gubar Dalma a Jinin Yaro: Wa Ke da Alhakin Sanar da Hukuma?

Jama'ar Zazzau, assalamu alaikum.

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Amai, jijjiga, suma. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. Ashe gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, an binne yara da yawa kafin labari ya kai kunnen hukuma.

To, a kan wa nauyin sanarwa yake? A kan ma'aikacin lafiya. A tsarin sa ido kan cututtuka na Najeriya, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ke jagoranta, likita ko malamar asibiti da ta ga wata cuta baƙuwa tana kama yara a wuri ɗaya, ko da sinadari ne ya jawo ta, wajibi ne ta sanar nan take, kada ya wuce awa 24. Kowace ƙaramar hukuma, har da Zariya da Sabon Gari, tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Shi ne zai miƙa wa ma'aikatar lafiya a Kaduna, daga nan sai Abuja. Ko a asibitin koyarwa na Shika aka ga yaron, ko a ƙaramin asibitin unguwa, hanyar ɗaya ce.

Wani zai ce, ina sirrin mara lafiya? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kare shi, amma ta yarda a bayyana idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Kuma a nan haɗarin a fili yake: ƙurar da ta shiga jinin yaro ɗaya, ita ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta ke shaƙa suna haɗiya.

A Amurka sun fi tsanantawa. A jihar New York, dole a gwada jinin kowane yaro yana shekara 1, a sake yana shekara 2, kuma ɗakin gwaji ya aika wa hukuma sakamakon. Gwajin jini ne ma ya gano wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston, a rahoton da aka fitar a 2012. Da aka bincika, kwallin da ake sa masa a ido ne, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Kwalli fa, iyayena mata, wanda muke ranbaɗa wa jarirai tun kafin suna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da zarar dalma ta kai maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini (wato kashi ɗaya cikin goma na lita), a nemo tushenta a raba yaro da shi. A wannan matakin yaro yana wasansa, ba alamar komai, amma ƙwaƙwalwarsa na cutuwa. Tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan gida, fenti mai dalma, tufafin maigida da ya dawo daga haƙar zinariya a Birnin Gwari, duk abin dubawa ne.

Baba, inna, idan likita ya ce an samu dalma a jinin ɗanku, ku tambaye shi: an sanar da jami'in ƙaramar hukuma? Ku kawo sauran yaran gidan a gwada su. Ku ma kuna iya kiran NCDC kyauta a 6232.